Teburin Magani a Mokolo

Ƙamshin tsire ne ke fara zo mini idan na tuna la'asar ɗin. Hayaƙin masu nama na bakin titi yana shigo mana tsakar gida a unguwarmu ta Briketeri, ni kuwa ina shanya safar hannu ta roba a igiya, kusa da zannuwan Inna. Safar da ya kamata a sa sau ɗaya a yar, mu a asibiti wanke ta muke yi mu sake sawa. Shekarun da aka zabge albashin ma'aikata ke nan. Ni da ban daɗe da gama karatun likita ba, nawa ma bai fara fitowa ba. Kullum a ƙafa nake ratsa unguwar Tsinga in tafi aiki, ina kallon gajimare a kan duwatsu don in manta da tafiyar.

Kawu, ƙanen Inna, ya yi sallama ya zauna a tabarma. Ya dubi igiyar ya yi dariya.

"Likita, wankau kika koma?"

Na gaishe shi na ci gaba da shanya.

"Ƙawarki da ta koyi ɗinki, ranar da aka yaye ta aka ajiye mata keke. Ɗan mahauci, da ya iya riƙe wuƙa ya samu teburinsa. Ke fa? Shekara da shekaru kina karatu, ko taksi ba kya iya hawa."

Bai yi ƙarya ba. Abokan karatuna maza, in sun tashi aiki sukan zagaya asibitocin kuɗi su ɗan samu na cefane. Ni in na wuce magariba a waje, unguwa ta samu abin hira. A ɗakin duba marasa lafiya ma, sau nawa mutum zai kalle ni cikin farar riga ya ce, "Yarinya, ina likitan?"

Sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Zai kafa teburin magani a kasuwar Mokolo, irin wanda ya cika gari tunda mutane suka kasa sayen na kantin magani. Ƙwayoyi tsirara a rana, wasu ba kwali, wasu kwanansu ya ƙare. Ni zan bar asibiti in tsaya a bayan teburin da farar rigata.

"In suka ga likita, ba mai tambaya," in ji shi.

Na san inda maganin nan ke kai mutane, domin gadon da nake dubawa yake kawo su. Muryata ba ta da ƙarfi, tun ina yarinya ake ce mini in ɗaga ta. Ranar ma ban ɗaga ba.

"Kawu, ka yi haƙuri. Ba zan tsaya ba."

"Yunwa za ki ci?"

"In ta kama, ita zan ci. Amma mai ɗinki in ta ɓata yadi, sabo ake sayowa. Ni nawa ran mutum ne, ba a sayo wani."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. "Ka ji ta," kawai ta ce.

Ya karkaɗe rigarsa ya fita ba sallama. Washegari na kama hanyar Tsinga, ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Bayan shekaru da yawa, wata tsohuwa da nake dubawa ta tsura mini ido ta ce ta gane ni. Ashe Kawu ya kafa teburin, kuma ta daɗe tana sayen magani a wurinsa, don yakan nuna hotona ya ce likitar gidansu ce ke zaɓo kowace ƙwaya da hannunta.