Goron da Tabawa ta raba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Tabawa. Ba sai an taya ni lissafi ba, domin ta rasu ne a shekarar da shugabannin Afirka suka yi babban taronsu a nan Libreville, lokacin da kuɗin fetur ya sa aka shafe gari da fenti, aka faɗaɗa hanyoyi, manyan otal suka yi ta tsirowa a bakin teku. Waɗansu da tutoci suke tuna shekarar. Ni da katafila nake tuna ta.

Ni direban taksi ne, mutumin Damagaram. Yaya ta riga ni zuwa ƙasar nan. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki biyar a Nkembo, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Waina take toyawa a ƙofar gida, leburori su saya kafin su wuce aiki. A shekarun nan ne mutanen Gini Ikwatoriya suke ta tsallakowa a kwale-kwale, suna gudun kisan da ake yi a ƙasarsu. Wata safiya wata yarinya ta tsaya a gaban tanda, ta ƙi tafiya. Sunanta Rosa, an kashe mata uwa da uba. Yaya ba ta jin yarensu, yarinyar ba ta jin namu. Sai Yaya ta matsa mata a kan benci, ta miƙa mata cokalin juya waina. Rosa ta kawo wata mai suna Pilar, Pilar ta kawo wata, kafin a ankara sun zama shida.

A wajenmu riƙo ba ya neman alƙalami. Duk sadda sabuwar yarinya ta shigo, Yaya takan sayi goro ta aike ni ƙofar masallaci bayan Juma'a, in bi mutane ina cewa Tabawa ta sami 'ya, ku shaida. Ba wanda ya taɓa mayar da hannuna. Alhaji Mamman mai shagon atamfa biyu-biyu yake ɗauka, yana dariya yana cewa ɗaya na hularsa ne. An yi gunaguni a kan sarƙar gicciye da ke wuyan yaran. Yaya ta ce ita ciki ta ga yana jin yunwa, ba ta leƙa wuya ba, kuma ba ta ɗauko 'yar kowa don ta sauya mata suna ba.

Da shekarar taro ta zo, katafila ta bi layinmu ta ture ɗakuna biyu na gaba da rumfar toya. Yaya ta ja tandarta baya, washegari ta hura wuta. Abin da ya karya ta daga baya ya zo. Aka shiga kwashe marasa takarda don gari ya yi kyau a idon baƙi. Pilar ta kai wa magina waina, kamyo, babbar motar 'yan sanda, ya tsaya, aka haɗa da ita da tiren wainar.

Ni na kai Yaya komisariya, ofishin 'yan sanda. Wanda muka tarar ya nemi takardar da ta nuna yarinyar tata ce. Yaya ta dube shi da mamaki na gaske, ta ce, "Wace takarda kuma? Kartiye guda, unguwar nan kaf, ya ci goron yarinyar nan." Zan yi wa mutumin adalci. Ya ce mu kawo mutum biyu masu shago, waɗanda takardunsu suka cika, su sa hannu kafin motar bakin iyaka ta tashi. Shaidata ba ta shiga, tunda ni ƙaninta ne.

Muka bi shaguna tun daga Nkembo har Mont-Bouët. Wannan ya tafi salla bai dawo ba, wancan ciwon kai ya kama shi nan take. Alhaji Mamman dai ya tsaya ya dube mu. Ya ce mu ma baƙi ne a ƙasar mutane, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yaya ta ce, "Alhaji, a gidanmu mai wutar ake fara kai wa ruwan."

Mota ta tashi da Pilar. Yaya ta bi sawunta har bakin iyaka cikin ruwan sama, ta yi ta tambaya a bakin kogi, ba wanda ya ce ya gan ta. Ta dawo da tari a ƙirji. Ba a kai ga sauke tutocin taro ba muka kai ta makwancinta. Abin da ta bar mini shi ne kada a rufe ƙofar.

Bayanta ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfura a gemuna, don kada wata 'yarta ta sake tsayawa a gaban tebur ba mai riƙe mata alƙalami. Sannu ba ta hana zuwa. Yau kowacce tana da takardarta. Ɗaya tela ce a Sotega, biyu sun yi aure da zaɓinsu, ɗaya tana aikin shara a asibiti tana koyon jinya. Rosa ce ke riƙe da gida da tanda, ni ina Nombakélé da iyalina. Da yaƙi ya tsananta a Cadi, marayu uku suka ƙaru. Har yau muna raba goro ranar Juma'a, amma ranar Litinin ni da Rosa muke kai yarinya ofis a yi mata takarda.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga garin yanzu. Benaye sun tashi, shago ɗaya ya zama uku, tabarmar masallaci ta zama kafet. Ina jin za ta yi wa kowa barka, sannan ta tambaya ko a cikin duk ɗakunan nan an ware ɗaya don wadda ta sauka daga kwale-kwale ba kowa nata.

A watan jiya Alhaji Mamman ya zo da abokansa biyu. Suna son ɗakuna ukun da suka rage su zama sito, tunda kusa da kasuwa suke. Ya ce yara sun girma, amanar ta sauka, waɗanda suka rage a nema musu wani wuri. Ban buɗe baki ba Rosa ta ajiye cokali, ta gaishe shi har ƙasa, da Hausarta ta Damagaram. Ta ce, "Baba Alhaji, an ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka ci gorona, ka ci na Pilar. Askin ka zo yi?" Ya gyara hula, ya ce yarinyar nan bakin Tabawa ta gada.

Sun ce in yi tunani. Na yi, ga amsata a inda kowa zai gani. Ba zan ba da ɗaki ko ɗaya ba. Wanda ya ci goron nan kuma yake son sauke nauyinsa, ƙofa a buɗe take, akwai yarinyar da ke bukatar mai sa hannu ranar Litinin.

Abin da ya rage na Tabawa shi ne wutar da ake hurawa kullum da safe, da bencin da ake matsa wa baƙuwa. Abin da muka rasa kuwa ba shi da wuyar ƙirgawa. Ɗaki biyu da rumfa ɗaya. Tire ɗaya. Yaya Tabawa. Da Pilar, wadda har yau ba mu san ko a rayayyu za mu sa ta ba.