Dutsen da Malam ya kafa a bakin kududdufi

Shekara tara ke nan da aka fita da maigidana, Malam, daga gidanmu na Ƙofar Kwaya, ya tafi inda ba a dawowa. Har yau in gabas ta yi baƙi, muryarsa nake fara ji kafin tsawa.

Ma'aikacin ruwa ne. Ina amarya aka tura shi kwas ƙasar Japan, na zauna ina ƙirga kwanaki, ina mafarkin turare da alharini irin na littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin matashi. Sai ya dawo mini da labarin duwatsu. Ya ce a garuruwansu na bakin teku, kakanni kan kafa dutse daidai inda ambaliya ta tsaya, su sassaƙa gargaɗi ga jikokin da ba a haifa ba, cewa kada a yi gini ƙasa da nan. Na tura baki. Ya yi dariya ya ce, "Amarya, wace wasiƙar soyayya ta kai wannan?"

Wata damina kududdufin bayan gidanmu ya tumbatsa ya cinye katangu. Da ruwa ya janye, Malam ya kafa nasa dutsen, ya rubuta gargaɗin da ajami. Wasu suka ce iyaka ya shata zai haɗiye filin, wasu suka ce asiri ya binne. Da ya rasu, ba a yi sadakar arba'in ɗinsa ba aka tumɓuke dutsen.

Da zai leƙo yau, me zai ce? An cike kududdufin da shara, an yanka fulotai. Gida mai koren ƙyaure na can tsakiya, na mijin autarmu Hadiza ne, sun tare da 'ya'yansu biyu. Na yi mata magana, ta ce, "Haba Inna, yaushe rabon da a ga ruwa nan?" Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Shekaranjiya na dafa bangon ɗakin yaran, tafin hannuna ya dawo da danshi, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

Malam bai bar suna ba, bai bar dutse ba. Tsoronsa ya bar mini, kuma na gane ƙauna ce. Na share ɗakinsa na shimfiɗa katifu biyu ƙanana, na ce wa Hadiza daga ruwan fari har kaka, jikokina a nan za su kwana. Ta buɗe baki za ta musa, sai ta dubi gabas, ta fasa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta.