Injiniyan da Ya Kai Kwamfuta Asibiti

Kullum shi ke fara buɗe ƙaramin ɗakin nan na ƙarshen baranda, mai sanyi da gurnanin na'urori. Ya ajiye jaka, ya murza ido, ya duba su wa suka shiga manhajojin kamfani daga gida, su wa kuma suka yi ƙoƙarin kutsowa. Shayinsa kan huce bai tuna da shi ba. Injiniya muke ce masa, kuma sai abu ya lalace muke cigiyarsa.

Aikinsa shi ne ma'aikaci ya iya buɗe shafukan ofis ta intanet daga ko'ina, ɓarawo kuma ya kasa. Ka sa kalmar sirri, sannan a turo maka lamba ta waya. Lambar nan ta sha zagi.

"Injiniya, wai ba ka gajiya da wahalar da mutane?"

"Na gaji mana. Sa lambar."

Da aka kwantar da mijin akawun sito a asibiti, manaja ya ce ko ta ci gaba da aiki daga can, ko a nemo wata. Ta kira Injiniya, ta ce ƙaninta yana da kwamfuta, a buɗe mata hanya ta nan.

"Anti, wadda yaransa suke wasa da ita? Ba zan buɗe ba."

"To kashe ni kawai ka huta."

"Kisa kuma? Wane ɗaki kuke?"

Ranar hutunsa ce. Ya je ya shirya kwamfutar ofis, ya shiga motar haya da ita a cinya. A kan bencin asibiti ya sami akawun, da kwanon abincin majinyaci a gefe. Ya zauna yana nuna mata, yana hamma, har ta shigar da kayan ranar. Yau mijin ya warke, ita kuma tana nan a kujerarta.

Injiniya, kai ne ba ka buɗe inda bai kamata ba, ba ka kuma bar ta a waje ba. Mun ga furfurarka tana ƙaruwa, gilashin idonka yana kauri, ba mu taɓa ce maka sannu ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Sannu, Injiniya, mun gode, Allah Ya ba ka hutu. Ku da za ku gaje shi, ku koyi cewa a'a irin tasa, sannan ku tashi ku nemo wa mutum mafita.