Ƙashin Jakin Mushe Abdu

Larabar farko bayan Babbar Sallah, ina aji huɗu a lakwal, makarantar bokon unguwarmu da ake ce wa Zariya, malaminmu Mushe Abdu ya rataya mini sambol a wuya. Ƙashin jaki ne a igiya, wanda ake sa wa duk ɗalibin da aka ji yana Hausa maimakon Faransanci. Laifina shi ne na ce wa ƙawata Hadiza, tana jan jiki a bakin randa, "Shap-shap!"

Kawuna Ilu ne tushen abin. Yana lodin tumatir daga Jiratawa zuwa Katsina, ya dawo da Ingilishin 'yan tasha cike da baki: "haw fa", "no wahala", "mai gai". Ni kuwa in kwashe su ina wanke masa kwanduna, in kai wa 'yan ajinmu. Muka ƙara namu, har mai saurin gudu a wasan langa muka sa masa "shapshapu". Tunda Hausa kaɗai doka ta hana, muka yi ta holewa.

Na gaya wa Mushe wannan ba Hausa ba ce. Ya ce ba Ingilishi ba ce ma, shara ce, kuma ba zan cire ƙashin ba sai na lissafa masa duk masu yin ta. Ajin ne gaba ɗaya, ni kuma na koya musu. Na ja bakina na tsuke.

Dukan da ake wa mai sambol kowace safiya bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai shi ne gudun da ake wa mai sambol, don kowa na tsoron in kama shi yana Hausa ƙashin ya koma wuyansa. Hadiza ma ta daina jira na a hanya. Inna ta ga sawun igiya a wuyana ta ce, "Ɗiyata, hwaɗi mishi ki huta mana." Na ƙi. Sati uku ina cin ƙosaina ni kaɗai a gindin itacen bedi, har Mushe ya gaji ya karɓe kayansa.

Yanzu yaran Sabon Gari daga waya suke tsintar irin waɗannan kalmomi, kullum da sabuwa, ba mai dukan kowa. Rabinsu ban gane ba, kuma ina kewar namu. Hadiza tana aure a Tibiri, muna gaisawa, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni ma har yau ban faɗi sunan kowa ba.