Yajin Aikin Ba Kashim

Shekara goma sha tara Ba Kashim ya yi a kan inji guda a kamfanin butar roba da ke hanyar Baga. Mu masu ɗaure butoci har tsokanarsa muke yi, wai ya fi gane tarin injin nan a kan tarin matarsa. Shi ne shugaban ƙungiyarmu, ba don ya iya magana ba, sai don shi kaɗai ne ba ya shakkar mai kamfanin, Alhaji Abdulwahab.

Shekarar da aka hana babur a Maiduguri mun ji jiki. Mu tako daga Bulumkutu a ƙafa, a kowane shinge mu ɗaga hannu sama, sannan mu koma da gudu kafin dokar hana fita. Muka ce a ba mu mota. Alhaji ya ce shi dama garin ya ishe shi, in muka matsa masa kwashe kayansa zai yi ya koma Njamena, ai ba wanda ya ɗaure masa ƙafa. Ba Kashim ya ce kamfani ba akuya ba ne da za a ja da igiya. Muka shiga yajin aiki.

Yajin namu na mutunci ne. Tabarmi a gindin darbejiyar bakin ƙofa, ga shayi, Pindar mai gyaran wuta yana ta zuba mana labarin ƙauyensu. Mukan ji ana buge-bugen ƙarfe a ciki, Ba Kashim ya ce gyara ake yi, alamar Alhaji ya kusa saukowa ke nan.

Rana ta goma da hantsi wata babbar mota lulluɓe da tamfol ta fito daga lungun bayan kamfani, ta kafe a yashi daidai gabanmu. To, a garin nan ba a zama ana kallon mota a kafe, ko gaba kake da mai ita sai ka sa hannu. Balle a lokacin, motar da ta daɗe tsaye sojoji za ta jawo mana. Ba Kashim ya tuɓe babbar riga, ya sa aka tone yashi, aka shimfiɗa tabarminmu a ƙarƙashin taya. Wallahi shi ya fi kowa turawa. Mota ta fita, direba ya leƙo yana mana sannu da Barbarci, wushe wushe, muka tafa.

Muna kakkaɓe tabarmi sai ga Peter maigadi yana kulle ƙofa. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Ba Kashim. Ba don ku ba da injinka bai tafi ba."

Dattijon nan ya bi motar da gudu har takalminsa ya fita. Mun yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta ƙare hawayen bai ƙare ba.

Yanzu shayi yake sayarwa a Kasuwar Monday, kuma in ka tambaye shi, yajin aiki na nan ba a janye ba. Kwanaki na tarar da shi riƙe da sabuwar buta da aka kawo daga Chadi, yana shafa gindinta da ya ɗan karkace. Na ce lafiya?

Ya ce, "Ladi, aikin injina ne, ba sa barinsa ya huce. Kashe shi za su yi."