Dutsen Guga Mai Sanyi

Duk layin babu wanda bai san mai guga ba. Tun yana saurayi yake sana'ar a shagon da ke jikin gidansa, kuma ba a taɓa jin ya ƙona wa mutum riga ba. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar da 'yarsa.

Wata shekara ƙuraje suka feso masa a gefe guda, daga bayansa zuwa cikinsa, masu zafi kamar garwashi. Suka warke. Bayan nan matarsa ta fara lura yana ajiye dutse kan riga ya tsaya kallon bango. Ran da hayaƙi ya tashi daga teburin, ta kai shi asibiti.

"Ciwon mantuwa ne, Mama," in ji likita. "Ana bincike ko ƙwayar cutar da ke kawo irin ƙurajen nan tana da hannu. Wataƙila, amma ba a tabbatar ba."

Tun ranar take zare wayar dutsen ta ɓoye bayan tebur. Ya wuni yana guga da dutse mai sanyi, yana fito. In barcin rana ya ɗauke shi, ta goge kayan mutane da kanta. Masu kaya su ce, "Baba, hannunka bai tsufa ba!" Ya ce, "Ku dai ku riƙa wanka, kada ku ɓata min aiki."

Yanzu ga ƙurajen sun feso mata ƙarƙashin haƙarƙari. Ta kira 'yarsu, wadda ke aure nesa, ta gaya mata.

"Umma, ki kulle Baba ki tafi asibiti yau ɗin nan."

"In kulle ubanki kamar akuya? Ni ba zafin ne ya dame ni ba. In kaina ya bi nasa, wa zai kula da shi?"

"Ai likita wataƙila ya ce."

"Wataƙilar ce ta hana ni sakat."

Duk da haka ta yi salla, ta yafa mayafi, ta lallaɓa har bakin ƙofa. Sai ta ji muryarsa.

"Baiwar Allah, in kaya kika kawo, ki dawo gobe. Dutsen ya ƙi zafi."

Ta waiwaya. Yana durƙushe, wayar a hannunsa, yana laluben soket.

Ta cire takalmanta.

"Kawo in duba maka, maigida."