Zuwan Kawu Kwatano

Shekarata tara ina sayar da atamfa a Kwatano kafin wani daga gidanmu ya tako ya ga inda nake. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, tsohon malamin firamare da bai taɓa barin Najeriya ba. Da damina ya sauka Zango, riƙe da 'yar jakarsa da katin rigakafin shawara da na yi ta nanata masa a waya.

Da ya ci abinci ya huta, na zauna gefen tabarmarsa ina faɗa masa halin garin. Ruwan gora za ku riƙa sha, Kawu. Kada ku kwanta ba gidan sauro. Katin shaida ya zauna a aljihu, kuma ba a ɗaukar hoton mai kaki. Rana na yin tsaka ofisoshi ke rufewa, daga lokacin kuma gaisuwa ta koma "bonsuwa".

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yau ni ne ɗalibi."

Washegari bayan la'asar ya ce teku yake son gani. Na tsayar da zem biyu, wato masu babur ɗin haya masu riga rawaya, muka daidaita kuɗi tun kafin mu hau, don haka ake yi. Na naɗe masa babbar rigarsa kada ta shiga taya, sannan na miƙa masa hular kwano. Nan aka tsaya. Tun tasowata ban taɓa ganin Kawu a waje ba kube a kansa ba. Ya yi ta juya kwanon a hannu.

Mai zem ɗin, mutumin garin ne da ya tsinci Hausa a kasuwa, ya ce, "Alaji, polis bai sani hula mai kyau."

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya cire kuben, ya ninke, ya sa a aljihun ƙirji.

Muka bi ta unguwar Kajehun, jirgi ya wuce ta kanmu, muka sauka inda kwalta ta ƙare. Kawu ya tsaya a kan rairayi yana kallon teku. Can ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya nufi ruwa. Wata tsohuwa mai sayar da kwakwa ta miƙe tana ɗaga murya da yarensu tana yi masa alamar ya dawo. Sai a lokacin na tuna abin da na manta ban faɗa masa ba: tekun nan janye mutum yake yi, ko gwanin iyo ne. Na ruga na riƙo hannunsa. Muna ja da baya igiyar ruwa ta cim mana, ta jiƙa mu har gwiwa, na ji rairayi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata.

Kawu ya lashi yatsansa ya ce, "Shekara talatin ina gaya wa yara ruwan teku gishiri ne. Ashe ban yi musu ƙarya ba."

Ya je ya durƙusa ya gode wa tsohuwar da Hausa, ta amsa da yarenta, ta fasa mana kwakwa biyu.

Kwana tara ya yi. A na huɗu na dawo daga shago na tarar ba ya nan. Ina shirin fita nema sai ga shi a bayan zem, rungume da abarba uku, wai ya je ganin kasuwar Godome ne.